Kundin da Na Sa Wa Hannu

A farkon shekarun casa'in ina koyar da rubutun bincike a Kafanchan, a kwas ɗin da wata jami'a ke yi wa malaman makaranta lokacin dogon hutu. Ɗalibaina ba yara ba ne. Akwai masu furfura, akwai masu goyo, kuma duk an gaya musu in ba su kawo babbar takardar shaidar karatu ba, to su nemi wani aikin. Takardar kuwa ba ta samuwa sai mutum ya rubuta kundin bincike mai babi biyar, abin da muke kira furojek.

Kowa ya san inda furojek ke fitowa, har da ni. Kusa da tashar jirgin ƙasa akwai wani dattijo, tsohon akawun reluwe, mai shagon tafireta. Duk kundin da ya taɓa bugawa yana ajiye kwafinsa. Ka je ka faɗi garinku, ya zaro wanda aka yi a kan Gwantu ya mayar da shi na Zonkwa, shi ke nan ka zama mai bincike. Abin yana ƙona mini rai. Nakan yi ta faɗa a aji, ina cewa, "Haba jama'a! Ku rubuta abin da idonku ya gani mana!" Su ce, "To, Malam," su tashi su nufi tasha.

Mutum ɗaya ce ta ɗauki maganata da gaske, kuma da ma ba ta ɗauka ba. Malamar firamare ce daga wani ƙauye a bayan Zonkwa, ta girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ce mata Mama. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, albashin nan ne kaɗai abin da suke ci. Ta ce mini duk lokacin tonon citta ajinta yakan zama wayam, tana son ta san dalili. Na ce mata ai ga furojek nan a hannunta.

Wallahi matar nan ta sha wahala. Ta kwaso tsofaffin rajistar makaranta, ta bi gida gida, har rugar Fulani ta je a bayan babur. Ta gano yaran ba gudun karatu suke yi ba, tsaga citta da shanya ta ne ke riƙe su har rana ta take, kuma da za a jinkirta shiga aji a waɗannan makonni da sun zo. Ta rubuta, na bi da jan biro, ta sake, na sake bi. Turancinta ba ado, amma duk layin da ka karanta ka san me take nufi.

Sai babi na biyu, inda ake kawo abin da masana suka riga suka faɗa. Laburaren namu kuwa, Allah dai ya kyauta. Ta juye shi kaf, littafi uku ta samu da suka taɓa zancen. Ta zo tana damuwa, wai babin nata shafi biyu ne kawai, na sauran kuma kamar ba zai ƙare ba. Na ce, "Mama, kada ki kuskura ki ambaci littafin da ba ki riƙe da hannunki ba." Da bakina na faɗa, har ina jin daɗin kaina.

Ranar duba kundaye jami'a ta turo wani farfesa, yini ɗaya gare shi da tulin furojek. Na zauna ina kallon yadda yake aiki. Ya ɗauki kundi ya jinjina nauyinsa, ya buɗe babi na biyu ya ga sunayen Turawa reras, ya leƙa jerin littattafai a baya, ya ba da maki. Littattafan da ba wanda ya taɓa ganin ko bangonsu a Kafanchan! Da ya zo kan nata, ya ɗaga shi da yatsa biyu ya ce, "Wannan wasiƙa ce ko furojek?"

Raina ya ɓaci. Na ce ya karanta babi na huɗu kawai, shafi ɗaya ma ya isa. Ya ce ba shi da lokaci, kuma wa ya duba wannan aikin? Shugaban sashenmu ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ni ma ina da iyali, aikina kuma na wucin gadi ne. An rubuta ta faɗi, amma tana iya sake kawowa kafin a koma makaranta.

Ta same ni a bakin ofis. "Malam, ina ne na yi kuskure? Ka nuna mini in gyara."

Na ce ba ta yi kuskure ba.

"To in ba kuskure, me ya sa na faɗi?"

Na miƙa mata kundinta, ta karɓa ta tafi.

Bayan mako uku ta dawo da kundi mai kauri, mai shuɗin bango, a kan dalilan faɗuwar yara a lissafi. Ina buɗewa na gane shi, don sau biyu yana bi ta hannuna da sunayen wasu. Na nuna mata kujera, ta ƙi zama. Ta buɗe mini shafin da mai duba aikin ɗalibi, wato ni, ke shaida cewa ɗalibi ne ya yi binciken da kansa.

"Malam, ka yi haƙuri. Yarana za su ci abinci."

Na sa hannu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba ita nake jin wa kunyar ba. Ta karɓi kundin ta sa a jaka, ta kai bakin ƙofa, sannan ta juyo.

"Don Allah, Malam, abin da ka gaya mini, kada ka sake gaya wa wani."

Na yi shekara shida ina koyarwa bayan nan, kuma ban sake ba.