Marin da Enoch Trewin Ya Ƙi Sassautawa

Enoch Trewin da dabaibayin dawaki ya fara ƙira, a maƙerar ubansa da ke bakin tashar jiragen ruwa. Da gidan yarin garin ya rasa maƙeri, sai aka ba shi aikin buga wa fursunoni marin ƙarfe a ƙafa kafin a loda su a jirgi zuwa ƙasar da ake korar masu laifi. Shekara talatin yana wannan aiki, bai yi arziki ba, bai kuma taɓa fasa wa kowa ƙashi ba. Abin alfaharinsa ke nan, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Abu ɗaya ya sani wanda fursunoni ba su sani ba. Marin da aka sassauta shi ne mugu. Wata shida a cikin jirgi yana goga idon sawu, ga ruwan gishiri, sai gyambo, sai ƙafa ta ruɓe. Wanda ya zauna daram shi ke kai mutum da ransa.

Ran wata Talata aka kawo mutum tara. Na bakwai ɗansa ne Jabez, magidanci mai 'ya'ya biyu, an yanke masa shekara bakwai a kan zomon da ya kama a dajin mai gona. Guduma ta yi wa Enoch nauyi.

"Tsoho, in hannunka ba zai iya ba, kawo in buga," in ji gandiroba. Enoch ya san aikin hannun gandiroban, ya gurgunta mutum biyu bara.

"Bar shi, ni zan yi."

Jabez ya ɗora ƙafa a kan uwar maƙera, ya ce a hankali, "Baba, don Allah ka ɗan sassauta mini. Ko kaɗan ne."

Ga gandiroba tsaye a kansu, an kuwa hana maƙeri magana da fursuna. Enoch ya auna, ya sake aunawa, ya matse ƙarfen daidai ƙafar, ya buga ƙusa. Bai taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba.

"Haba Baba! Har ni?"

Aka ja sarƙa, Jabez bai waiwayo ba. Enoch ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Duk jirgin da ya dawo sai ya je ya tambayi matuƙa, ko sun ga wani dogon mutum a can, yana tafiya da ƙafafunsa biyu.