Tsarabar Ruwan Yamai

Agadas

Ana idar da sallar asuba motarmu ta bar tasha, mu takwas, da ƙwallo biyu cikin buhu. Ni ne mai tsaron gida na ƙungiyar ƙwallon ruwa ta garinmu. I, ƙwallon ruwa, a Agadas. Mai dariya ya yi ya gama, mun saba.

Ba mu da wurin iyo. Abin da muke da shi basan ne, wato kwamin siminti da Alhaji Agali ke tara ruwan ban albasa a garkarsa ta bakin ƙoramar Telwa. Ruwan iyakarsa ƙirji, ƙasansa laka. Dokar Alhaji ɗaya ce: wanda ya taka ƙasa ya dama ruwa har laka ta toshe tiyo, ya fita. Da haka muka koyi wasa ƙafa a naɗe. 'Ya'yansa sun daɗe suna so a kore mu. Da muka je yi masa sallama, ya ce in aka hana mu shiga ruwa a Yamai, to ya tabbata shiririta muke yi, kada ya sake ganin ƙafarmu a garka.

Abalak zuwa Tawa

Hanyar nan ba a cewa komai, rami na miƙa mu ga rami. A shingen Abalak wani jandarma ya tambayi inda muka nufa. Musa tela, wanda ke horar da mu, ya faɗa masa. Mutumin ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa.

"A cikin salka kuke iyo?"

"Ba mu takardunmu, ranka ya daɗe," in ji Musa. "Sauran sai mun dawo."

Mun kwana a tashar Tawa bisa tabarma, bayan mun sha fura mai tsami. Raina a ɓace yake, ban ɓoye ba.

Yamai

Washegari muka bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, muka sauka da la'asar. Wani ɗan garinmu mai sayar da azurfa ya ba mu ɗaki, matarsa ta cika mu da dambu da zogale.

Gasar a pisin, wato wurin iyo, na wani otel aka shirya ta. Shugaban shirin ya dube mu sama da ƙasa, ya ce cikin Faransanci shi fa da aka yi masa waya ya zaci wasa ne, kuma ba zai ɗauki alhakin mutanen hamada su nutse masa ba. Na tuna sharaɗin Alhaji: in aka hana mu shiga, basan ma mun rasa shi.

"Ba alfarma muka zo nema ba," Musa ya ce da Hausa. "Ku gwada mu. Wanda ya kama gefe, mu koma gida yau."

Aka ce mu shiga wajen zurfi, hannu sama, sai an busa usur. Gaskiya na tsorata, ban taɓa ganin ruwa shuɗi mai nisan ƙasa haka ba. Amma ina faɗawa ƙafafuna suka kama aikin da suka sani, har ma suka samu filin miƙewa. Muka tsaya bisa ruwa, ba wanda ya kama gefe. Alƙalin wasa ya dubi agogo, ya dubi shugaba, ya sake duban agogo. Musa ya tambaye shi ko usur ɗin ya lalace ne.

Aka bar mu muka buga. Kuma aka lallasa mu, don pisin ya ninka basan tsawo, kafin mu kai tsakiya numfashi ya ƙare. Sai dai a ɓangaren da ba zurfi, 'yan gida aka yi ta busa wa laifin taka ƙasa, mu ko sau ɗaya. Na tare bugun fanareti da hanci, har yanzu yana ciwo, ban kuma yi nadama ba. Kafin mu fita na cika gorar roba da ruwan wurin.

Komawa gida

A Abalak jandarman nan ba ya kan aiki, abin ya ba ni haushi ƙwarai. Daga tasha garka muka wuce ko wanka ba mu yi ba. Alhaji na tsugune bakin tiyo, 'ya'yansa na tsaye. Musa ya ce an ci mu. Ni kuma na miƙa wa Alhaji gorar, na ce tsaraba ce.

Ya buɗe, ya sansana, warin maganin ruwa ya sa ya yamutse fuska. Ya daɗe yana kallonta.

"Kun shiga ke nan."

"Mun shiga, Baba."

"To kada wannan ya kusanci albasata," ya ce, ya soke gorar cikin aljihun babbar riga. "Gobe bayan asuba. Wanda ya taka ƙasa ya fita."

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da mai azurfa da iyalinsa. Jandarman Abalak kuwa, a gaya masa muna nan tafe baɗi.