Randar Inna Kaltumi ta Bakin Hanyar Afala

Har yau in na tuna abin da aka yi wa Inna Kaltumi sai raina ya ɓaci. Maƙwabciyata ce a Tawa, katanga ɗaya ta raba mu, a gidan ƙarshe kafin ka kama hanyar Afala. Gajeruwa ce, baƙa, ga faɗa. In akuyarka ta shiga gidanta ka shiga uku. Amma duk wanda ya taɓa shigowa gari ta arewa da ƙafa ya san randarta.

Mijinta Almustafa ƙishirwa ce ta kashe shi, yana dawowa daga Tebaram da bazara, an tsince shi saura kaɗan ya iso gari. Tun daga ranar ta kafa randa a ƙofar gida, ta ɗora faifai da moɗa, ta yi wa Allah alkawari ba mai wuce ƙofarta da ƙishi. Kullum da safe tulu uku daga rijiya. Da magariba ta juye abin da ya rage a gindin itacen bedi, ta wanke randar tas, ta kife. Shekara ashirin da biyu ba fashi! Ranar da aka binne ɗiyarta Asabe ma sai da ta cika randar kafin ta zauna karɓar gaisuwa. Ni na riƙe mata gammo, tana kuka tana ɗura ruwa.

Shekara uku da samun ƴancin kai aka turo mana wani sabon ma'aikacin tsabta, Mushe Inusa, wato Malam Inusa a bakin masu Faransanci, da farar riga da littafi a hammata. An ba shi umarni ya fasa duk tukunyar da ruwa ke kwana a ciki, saboda sauro. To madalla, wa ke son sauro? Amma ai sai ka tambaya. Bawan Allahn nan bai tambayi kowa ba. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, ya tsaya a gaban randar da gardi biyu, dogaran gwamnati masu bindiga, ya ɗaga faifan da bakin alƙalami kamar ya ga mushen kare.

"Tsohuwa, ruwan nan kwanansa nawa?"

"Kwana? Ɗana, ruwana bai taɓa kwana ba. Ɗazu na ɗebo shi, taɓa ka ji sanyi."

"Haka kowa ke cewa."

Na fito da gudu, hannuna duk tsakin gero, na ce, "Mushe, ka ji tsoron Allah, ka tambayi unguwa!" Ko kallona bai yi ba. Ya ɗaga wa gardi kai, gardi ya sa gindin bindiga ya fasa randar. Ruwan ya malale har bakin zaurena.

Inna Kaltumi kuwa ta wanke shi da zagi, ta haɗa da wanda ya ba shi littafin. Shi ke nan, wai ta ci mutuncin ma'aikacin gwamnati. Suka tasa ta gaba zuwa biro, wato ofishinsu, suka zaunar da ita a baranda tun hantsi har la'asar sakaliya.

Ni ma ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Duk muka bi ta, muna ta roƙo a bakin biro, ba wadda ta yi tunanin ajiye ko ƙwarya ɗaya ta ruwa a ƙofar. Ranar kasuwa fa, ana tsakiyar zafi, mutanen Barmu da Afala na ta kwararowa da jakuna da goyo.

Da muka dawo ba ta kalli ɓaraguzan randar ba. Ƙasa ta duƙa tana dubawa. Sawun ƙafa ne birjik, manya da ƙanana, sun ratse daga hanya sun zo daidai wurin, sun juya.

Washegari Mamman maginin tukwane ya kawo sabuwa, ta ci gaba har shekara huɗu. Mushe Inusa an yi masa canjin wuri, da ƙarin girma ma, in ka yarda. Ita kuwa faɗan ya bar ta. Duk wanda ya tsaya sha sai ta ce, "Ranar da anka hwasa randa, kana cikin waɗanda sunka wuce?" Kowa ya ce a'a.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ni ke cika randar. Na shiga in gaya mata na cika, ta kama hannuna.

"Jummai, ƙananan sawun nan. Ko wa ya ba su ruwa?"