Bokitin Yarinyar Nan

Lantana matar Inuwa mai rake ta rasu bara da kaka, bayan 'yar gajeruwar jinya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata a Nasarawan Doya. Ranar da aka kawo ni garin amarya daga Kudan, ita ce ta fara leƙo ni da ƙwaryar fura, kuma tun daga nan ba ta kira ni da wani suna ba sai Ta-Kudan. Har yau in na ji daka ta bayan katangar sai na ɗaga kai kafin in tuna.

Ba wata babbar sana'a gare ta ba. Tana suyar ƙosai da safe, tana dafa wa masu saran raken mijinta abinci. Abin da unguwa ta san ta da shi shi ne cincin ɗin dodo.

Idan azumi ya shiga goman ƙarshe, yara sun gaji da yawon tashe, sai ta shimfiɗa tabarma da hantsi a inuwar darbejiyar tsakar gidanta, ta tara ƙananan da ba su isa azumi ba. Ta kwaɓa fulawa da ruwan mazarƙwaila, ta murza da kwalba, ta yanka wa kowa rabonsa. Dokarta ɗaya ce, kowa ya gina abin da yake tsoro. Mai tsoron kunama ya yi kunama, a lanƙwasa mata wutsiya. Akwai masu maciji, akwai masu kura, wadda kullum ke fitowa kamar akuya mai ciwon baya. Ido kanumfari ne, haƙora ɓarin gyaɗa, in ana son jini a baki a ɗiga ruwan zoɓo mai kauri. Suya kuwa ita kaɗai ce, ba ta barin yaro ya matso kasko.

"Inna Lantana, nawa zai cije ni?" wani zai tambaya, yana riƙe da kan dodo mai zafi a gefen rigarsa.

"In ka riga shi cizo, ina zai samu baki?"

Da yake tana azumi, su take sa wa su ɗanɗana mata kwaɓin. Duk shekara amsarsu ɗaya ce, zaƙi bai ji ba. Ta san ƙarya suke, amma sai ta ƙara. Takan ce mini yaron da ya tauna kan dodo da haƙoransa ya daina fitsarin kwance don tsoron fita. Ban sani ba ko gaskiya ne, amma ɗana Hamisu a gidanta ya daina.

Matar nan da ke yi wa yara kukan kura har da rarrafe, ban taɓa ganin mai kunya kamarta a gaban manya ba. 'Yarta ta fari Khairunnisa, tunda ta haife ta ba ta taɓa furta sunanta ba. Mu duka muna kunyar ɗan fari, amma tata ta fi ta kowa. Ko asibiti za ta kai ta sai na bi su, don in ma'aikaciya ta tambayi suna ni ce mai faɗa. A bakin Lantana, Khairunnisa "yarinyar nan" ce, tana goye, tana budurwa, har aka kai ta ɗakin miji.

Mijin shi ne Mu'awiyya, ɗan Malam Muhammadu Lawal na Kurmin Kogi. Gidan karatu ne tun kakanni, yaran kuma suna son juna. Lantana ta yi murna, amma hankalinta bai kwanta ba. "Ta-Kudan," ta ce mini, "mu masu lauje, su masu littafi. Allah ya sa kada yarinyar nan ta ji kunya ta dalilina."

Sallar farko bayan bikin, ta zage ta yi dublan da cincin irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba, kowane yanka daidai da ɗan'uwansa, don a kai wa surukai. Ta zuba a sabon bokiti shuɗi mai murfi. Na yara ma ta zuba a ɗan'uwansa, don tare ta sayo su a kasuwar Makarfi. A shekarar nan wani ɗan yaro mai suna Zakiyyu, wanda tsohon 'yan tashe mai gemun auduga ya firgita, ya gina tsoho. Ya yi masa gemu har ƙirji da kankararriyar kwakwa, ya naɗa masa rawani da zaren kwaɓi. Ya yi kyau sosai, shi aka ɗora a sama.

Ana jajibiri aka ajiye bokitan biyu a zaure. Autarta Rumaisa, wadda ko makaranta ba ta daɗe da shiga ba, ta haye kan na yara tana gadi kafin ƙawayenta su zo a raba. Yahuza ɗan acaɓa ya yi sallama daga ƙofa. Lantana na bakin murhu, mai yana tafasa, sai ta ɗaga murya.

"Ɗauki bokitin yarinyar nan ka kai Kurmin Kogi, gidan Malam. Ka ce a miƙa wa Malama hannu da hannu."

Yahuza ba ɗan gidan ba ne. Ya duba zaure, yarinya ɗaya ya gani, tana zaune a kan bokiti. Ya ce mata innarta ta ce a kai wa yayarta. Rumaisa ta sauka da murna, har ta taya shi ɗaurewa a bayan babur.

Ina gidan ina taya ta kwashe gawayi Rumaisa ta shigo tana tsalle.

"Inna, Yaya za ta ga kunamata. Da tsohon Zakiyyu."

Lantana ta ajiye matsami ta fita zaure. Na bi ta. Ta buɗe bokitin da ya rage, ga dublan a jere yana ƙyalli. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta daki yarinyar ba. Ta mayar da murfin a hankali ta zauna a ƙasa. Muka yi ta neman Yahuza a waya ba ta shiga, da ta shiga ya ce ai har ya juyo, kuma Malama da kanta ta karɓa.

Washegarin Sallah Khairunnisa ta kira ni, don ta san uwarta ba za ta iya wannan magana da ita ba. Ta ce uwar mijinta, Malama Saudatu, a tsakar gida ta buɗe bokitin, gaban matan 'ya'yanta da baƙin da suka zo daga Zariya. Tsoho mai rawani ne ya fara kallonsu. Malam kuwa kowa ya san gemunsa har ƙirji ne, fari fat. Malama ta duba, ta rufe, ta shige ɗaki da shi. Faccalolin Khairunnisa kuma sun riga sun raɗa mata suna 'yar mai dodo.

An bi da bokitin dublan daga baya, an karɓa an yi godiya. Amma na farko ya dawo a wanke, a bushe, ba ko ƙwayar dabino a ciki. A wajenmu ko kwanon tuwo ba ya dawowa haka daga gidan surukai.

Magana ba ta kwana a ƙauye. A gidan suna wata ta ce mata, "Lantana, mu ba za a aiko mana da namu malamin ba?" Aka kwashe da dariya, har da masu ƙaunarta. Ta yi murmushi, ta gyara mayafi, kafin a raba abinci ta tafi. Daga nan ta daina zuwa taro. Ƙosai ma Rumaisa ke miƙawa ta ƙofa.

Ana cikin haka labari ya zo Khairunnisa na da ciki. Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, ita ce mai dafa ruwan wanka, mai dama kunun kanwa, har a yi arba'in. Amma sai dangin miji sun yarda sun kawo ta. Ciki ya tsufa, ba wanda ya zo daga Kurmin Kogi da maganar.

"Ba za su ba ni ita ba," ta ce mini ta kan katanga. "Wa zai ba mai gina gumaka jikansa? In wata ta yi wa yarinyar nan wanka ina raye, Ta-Kudan, da wane ido zan dubi mutane?"

Inuwa ya ce shi ba zai iya tunkarar Malam da zancen cincin ba, maganar mata ce. Sai ta roƙe ni in raka ta.

Muka isa bayan azahar. Tun daga ƙofar gida ta cire takalmi. Aka kai mu ɗakin Malama Saudatu, doguwar dattijuwa mai tabarau, ta shimfiɗa mana darduma, Lantana ta zauna a gefenta kan siminti. Aka gaisa, aka tambayi Malam, aka tambayi Inuwa, aka tambayi rake da ruwa da yara, aka sake gaisawa. Khairunnisa ta kawo ruwa ta durƙusa, uwarta ta kau da kai kamar ba ta gan ta ba.

Da gaisuwa ta ƙare sai na yi bayani. Na faɗi yadda bokitan suka zama iri ɗaya, da abin da aka ce wa Yahuza, da wadda ya tarar a zaure.

"Ashe sunan ne ba a faɗa ba," in ji Malama.

"Ku yafe mini, Malama," Lantana ta ce, kanta a ƙasa. "Wallahi ba da Malam aka yi ba. Wasan yara ne, ni ce babbar banza da na biye musu."

"Malam ya gani. Ya ce abinci ne, ba a zubar da abinci. Ya sa aka kakkarya su aka raba wa yara." Ta gyara zama. "Mai rawanin dai ya daɗe a hannunsa. Ya tambaye ni ko hancinsa haka yake."

Ni na so in yi dariya. Lantana kuwa ta ƙara sunkuyar da kai. Malama ta buɗe baki za ta ƙara magana, sai Lantana ta riga ta.

"Na yi muku alkawari, tsakanina da Allah, hannuna ba zai sake gina irin wannan ba har in mutu. Ku dai ba ni yarinyar nan in yi mata wanka."

Malama ta dube ta, ta dube ni. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. Can ta ce, "To. Allah ya sauke ta lafiya."

Kafin wata ya mutu aka kawo Khairunnisa da mota, da buhun gero da kanwa da itace. Ta haifi namiji. Lantana ta yi mata wankan da unguwa ta daɗe tana misali da shi, duk asuba da la'asar tana bakin tukunya da ganyen darbejiya, ta mayar da ita ɗakinta ta yi ɓulɓul. Na ga farin ciki a fuskarta a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba.

Da azumi ya zagayo yara suka zo da kansu suka shimfiɗa tabarma. Ta kwaɓa musu, ta murza, sannan ta ɗauko wuƙa ta yanyanka ƙanana masu kusurwa huɗu irin na kowa.

"Inna Lantana, ina idanun?" Zakiyyu ya tambaya.

"Kanumfari ya yi tsada bana."

Suka ci, suka yi godiya. Shekara ta gaba kaɗan ne suka zo, ta bayanta kuma ba ta shimfiɗa tabarmar ba. Na sha ce mata ta bar ni in yi da su a gidana, ita ta zauna ta kalla kawai. Takan ce kallo ma hannu ne. Jikanta ya yi wayo yana zuwa mata hutu, yana tsoron fita bayan gida shi kaɗai, sai ta ɗauki fitila ta raka shi.

Ranar sadakar uku ta rasuwar Lantana, Malama Saudatu ta zo da tawagar mata. Bayan an yi addu'a ta sa aka kira ni ƙuryar ɗaki, ta kama hannuna.

"Ke ce kika rako ta ranar nan. Ni fa ban roƙe ta alkawarin ba. Mun riga mun sayi geron wanka tun kafin ku zo, ranar kawo ta kawai muke jira Malam ya sa. Abin da na buɗe baki zan faɗa ke nan. Da ta ambaci Allah a gabana, ga ta a ƙasa, sai na ji nauyin in ce mata ba a bukata, kada ta ga kamar na raina zuwanta. Na ce in an kwana biyu zan aika mata. Kullum sai in ce bari dai mu haɗu."

Sun haɗu a suna, sun haɗu a biki, sun yi ta gaisawa. Na ce Allah ya jiƙan Lantana, ta ce amin, muka zauna kowa na kallon tabarma har aka leƙo aka ce motarsu ta iso.