Baƙon da Kaka Ta Ji Yana Waƙa a Makewayi

Har yau, in na ji ruwan famfo yana faɗawa cikin bokitin ƙarfe wanda babu kome a cikinsa, sai in ji maƙogwarona ya motsa kamar zan ɗauki waƙa. Jiya da safe maƙwabciyarmu ta tara bokitinta, ƙarar ta tsallako katanga, na tsaya da buta a hannu. Nan take na koma gidanmu na unguwar Lazare a Yamai, shekarar da na shiga lise, wato babbar sakandare.

Bari in gaya maka tun farko, mai karatu, ni mai in'ina ne. Tun ina ƙarami harshena ke sarƙewa. A firamare da koleji, wato ƙaramar sakandare, abin bai dame ni sosai ba, don duk yaran unguwa ɗaya ne, sun saba da ni, in na maƙale sai su ƙarasa mini maganar mu wuce. Lise kuwa wata duniya ce. Yara daga ko'ina cikin Yamai, wasu Faransanci na zuba a bakinsu kamar da shi aka yaye su. Ranar farko mushe, wato malaminmu na Faransanci, ya ce kowa ya miƙe ya faɗi sunansa. Na miƙe, harafin farko ya tsaya mini a baki, ya ƙi fita, ya ƙi komawa. Aji ya kwashe da dariya. Kafin a tashi an laƙa mini suna, wai tsohuwar moto, wato babur. Duk inda na gifta sai wani ya daki iska da ƙafa, kamar mai fama da moton da ta ƙi tashi.

Sai na fara guje wa darasin Faransanci, don a nan aka fi ta da mutum ya yi magana. Akwai wata bishiyar dogon yaro a bayan katangar makaranta, kusa da mai sayar da ƙosai. Nan nake laɓewa da 'yar na'urar kaset da ɗan kawuna ya bar mini. Lokacin ne samarin Yamai suka kama waƙar rap, suna cuɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci a baiti guda. Ba maganganunsu suka fi jan hankalina ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda kalmomi ke bin juna a guje, babu wadda ke tuntuɓe. Nakan zura bik, wato biro, cikin kaset in juya shi baya da hannu don kada batir ya ƙare, in sake saurara, har na haddace su kaf. Mutum ɗaya ya san maɓoyata, abokin teburina, wani Bazabarme ɗan unguwar Banifandu da ba ya iya zama bai kaɗa yatsu a kan wani abu ba. Shi ma bai taɓa jin na rera ba. A makewayi kaɗai nake waƙa, in ruwa na zuba a bokiti, ina tsammanin ƙarar tana rufe muryata.

A shekarar ne Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo daga ƙauyenmu na wajen Dogon Dutsi don a duba mata ido wurin likita. Aka yi aikin, ganin bai dawo yadda aka so ba, Baba ya ce ta zauna tare da mu. Ido ya tafi, amma kunnenta sai ka rantse yana gani. Tun daga bakin layi take gane taksin Baba cikin sauran motoci. Ga ta da son sanin kome. Sai ta tsare ka da tambaya: me ya sa firiji ke gurnani alhali babu wanda ya taɓa shi, ina mutanen cikin rediyo suke cin abinci. Wurin zamanta tabarma ce a inuwar katangar makewayi, inda take tsinke zogale da lalube.

Wata rana da la'asar, cikin tsakiyar bazara, lokacin da ƙasar tsakar gida ke ƙona tafin ƙafa, ƙamshin mangwaro kuma ya cika unguwa, na fito daga wanka sai ta kira ni da sunan tsokanar da kakanni ke kiran jikoki maza.

"Maigidana, wane baƙo ne ke wanka a gidan nan?"

Na yi ta kokawa da harshe kafin in ce mata babu kowa.

"To wa ke zuba magana haka, kamar ana zazzage gero daga buhu?"

Ta karkato kai wajena, ta daɗe a haka, sannan ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ashe ku biyu ne cikin rigar nan. Zo ka zauna, ina son in san ɗayan."

Na zaci za ta yi mini faɗa, ko ta ji tausayina irin yadda Inna ke yi har in ji kunya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta mai da ni abin bincike. Kullum na dawo makaranta sai ta ba ni magana guda, misali in ce Inna na son gishiri, ta sa in yi ta faɗa iri-iri. In faɗa da raɗa, in faɗa da ihu, in faɗa da Zabarmanci, in rufe ido, in juya wa mutane baya. Har gaban ragon da muke kiwo ta tura ni in gaya masa. Muka gano abubuwan da ni kaina ban sani ba. In da rago nake magana, babu in'ina ko kaɗan. In ina karatun Alƙur'ani da ƙira'a, babu. In Baba na tsakar gida, ko da bai dube ni ba, sai harshen ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Duk abin da muka gano sai ta ce, "To me ya sa?" Ba ni da amsa, ita ma ba ta da ita, sai ta yi dariya ta ce gobe ma sake gwadawa.

Ranar da ta sa na rera mata waƙar samarin nan tun daga farko har ƙarshe, ta saurara tana gyaɗa kai. Ta ce wannan ai faɗa ne ba waƙa ba, amma a ƙarƙashin faɗan akwai turmi. Ta ce in mata uku na daka a turmi guda, kowacce ta san lokacin da taɓaryarta za ta sauka, shi ya sa ba sa karo. Ta jawo ƙwaryar zogalenta ta kife, ta shiga bugawa a hankali da yatsa biyu, ta ce in ajiye kowace kalma a kan bugu. Na gwada. Maganar ta fito a hankali, kamar mai tafiya a kan gadar kara, amma ta fito.

Ana cikin haka surbeyan, mai kula da ladabin ɗalibai a makaranta, ya aika a kira Baba, ya gaya masa yawan darussan da na tsallake, ya ce in aka ci gaba haka kora ce. Baba ya dawo gida bai ɗaga murya ba, wanda ya fi duka ciwo. Ya ce in shekarar nan ta ƙare ban wuce ba, garejin abokinsa na unguwar Wadata zai kai ni. Ya karɓe na'urar kaset ya kulle a cikin taksi, ya ce kiɗa ne ya lalata ni. Kaka daga kan tabarmarta ta ce, "Kiɗan ne ya riƙe maka shi har yau. Ka taɓa jin muryar ɗanka kuwa?" Baba ya sa kai ya fita. Bai kuma dawo da na'urar ba.

Kafin ƙarshen shekara dole kowane ɗalibi ya tsaya gaban aji ya yi bayani a kan wani batu da Faransanci. Ni aka ba ni kogin Isa, wanda ya ratsa Yamai. Kaka ba ta jin kalma ɗaya ta Faransanci, amma kullum da yamma tana buga ƙwarya ina karantawa, in na yi tuntuɓe ta ce in koma baya. Da na ce mata babu ƙwarya a aji, sai ta ce ai akwai babban yatsan ƙafa, in buga shi cikin takalmi, babu mai gani.

Ranar ta zo, hadarin farko na shekara ya haɗo ta gabas, aji ya yi dumu-dumu da zufa. Na fara lafiya, yatsana na aiki cikin takalmi. Na kai tsakiya sai wani daga baya ya yi kukan moto da baki. Dariya ta tashi, bugun ya ɓace mini, na maƙale a kan kalma guda. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, a hankali. Abokin teburina ne, wanda na taɓa ba labarin ƙwaryar Kaka, yake buga bik a kan tebur, idonsa na kallon taga kamar ba shi ba. Mushe ya ɗaga kai ya dube shi, ya buɗe baki, ya kuma rufe. Na ɗora kalmar a kan bugun, ta wuce, sauran suka bi ta.

Babu wanda ya tafa. Mushe ya ce in zauna, ya ce gobe yana son ganina a aji, ba a gindin bishiya ba. Ashe ya sani. Da ƙyar na wuce shekarar, kuma sunan tsohuwar moto ya bi ni har na gama lise, amma ban sake laɓewa ba. Da na ba Kaka labari ba ta tambayi makin da na samu ba. Abin da ta so ta sani, da sauri yaron ya buga ko a hankali, kuma in an buga da sauri me zai faru.

Da damina ta kankama, wata safiya Baba ya ce in raka shi wanke mota a bakin kogi. Muna kan hanya ya buɗe aljihun gaban taksi ya miƙo mini na'urata, idonsa na kan titi. Ya ce, "Tsohuwa ta ce ku biyu ne. In ji ɗayan mana." Na rera masa. Bai ce ta yi daɗi ba. Ya dai rage gudu, ya wuce mutane biyu da ke tsai da shi bai ɗauke su ba.

Kaka ta rasu kafin in yi jarrabawar bak ta gama lise. In'ina tana nan tare da ni, mun dai san halin juna. Na taɓa tambayar wani likita dalilin da waƙa ke kwance harshe, ya yi mini bayani mai tsawo, daga ƙarshe ya ce akwai abin da su ma ba su gama ganewa ba. Na so a ce Kaka tana raye ta tsare shi da tambaya.

Yanzu babu kaset. Yaran Yamai na yawo da salula, kunnuwa a toshe da wasu 'yan abubuwa farare marasa igiya, dattawa na ƙorafin ba sa jin gaisuwa. Bana 'yata ta fari ta shiga lise. Tana dawowa sai ta shige ɗaki ta toshe kunne, ba ta cewa kome game da makaranta. Uwarta ta ce in karɓe wayar. Makon jiya na je na zauna a bakin ƙofarta, na ce ta ba ni ɗaya in ji. Ta dube ni kamar ba ta yarda ba, sannan ta ciro, ta goge da gefen hijabinta ta miƙo mini. Wata mace ce ke waƙa a hankali, da harshen da ban taɓa ji ba. Na ce mata me take cewa.

"Baba, maganar tana da tsawo," in ji ta.

Na cire takalmi na gyara zama.