Bartholomew Kumai, Mai Awon Sama

Ranar Talata, uku ga watan Oktoba na 1978, da hantsi, Allah ya yi wa Bartholomew Kumai rasuwa a gidansa da ke Kafanchan, bayan zazzaɓin kwana biyu. Shekararsa arba'in da uku. Ni mai wannan rubutu na ba saba'in baya, ga shi ina nan.

Bartholomew, an faɗa mini a bakin ɗakin awo, ina zaune a benci da agogo a hannu ina jiranka. Na ce to. Ban yi kuka ba, har yau kuma bai zo ba. Wajen jana'iza na ga bakin mutane yana motsi, na san waƙa ake yi, amma ba abin da ya shiga kunnena.

Da yawa a garin nan ba su san aikinka ba. Shekara shida da suka wuce waɗansu malaman jami'a suka kawo wata na'ura, doguwa kamar akwatin ƙarfe bisa tayoyi, suka ajiye a ɗan ɗaki a kan tudu bayan layin dogo, suka koya maka aiki da ita. Ka ce mini can sama akwai wani siririn mayafi na iska da ake kira ozon, shi ke tare mana mugun hasken rana, na'urar kuwa kaurinsa take aunawa. Sau uku a yini kana turo ta waje, ka saita madubinta da rana, ka juya wili a hankali har allura ta tsaya a tsakiya, ka rubuta lamba.

Mutane suka ɗauka ruwan sama kake dubawa. Manoman citta daga Kwoi sukan hau tudun su tambaye ka ranar shuka. Matan da ke wucewa kasuwa sukan ɗaga murya: “Mai awo, yau nawa ne mudun rana?” Kai kuma ka ce, “Mama, ya yi tsada, sai gobe.”

Bayan rasuwar matata na daina fita. 'Ya'yana suna Ikko. Kai ka zo har ɗakina ka ce, “Baba, an ce a reluwe ba a taɓa kama agogonka da ƙarya ba. Ni ba na iya duba allura da agogo gaba ɗaya. Zo ka riƙa kira mini lokaci.” Daga baya na gane shekara biyu ka yi kana aikin kai kaɗai ba tangarɗa. Ban nuna maka na gane ba. Saboda kai nake aske gemu, nake ɗaura takalmi.

A littafinka kowace rana da layinta. In ana ruwa ko hadari ya rufe rana, sai ka ja zare da alƙalami a gurbin lamba, ka rubuta dalili a gefe: ruwa, ko hadari. Bana damina ta yi nauyi, zare ya yi yawa, har takarda ta zo daga jami'a cewa in giɓi ya ci gaba za a ɗauke na'urar a kai wani gari. Ni na ba ka shawara ka riƙa sa lambar jiya, tunda bambancin kaɗan ne. Ka dube ni kana dariya ka ce, “Baba, a tasha in jirgi bai zo ba, kukan rubuta ya zo?” Sa'an ɗan cikina ya koya mini aikina.

Ranar da ka tafi sama ta washe tas, irin wadda muka yi mako uku muna jira. Da sha biyu ta yi na buɗe ɗakin da makullin da ka ba ni, na turo na'urar da ƙyar, ina hutawa. Na saita madubi yadda na ga kana yi, na juya wili. Allurar ce ban gani ba. Idona ya ƙare, sai lambobin agogona da na haddace. Na tsaya har rana ta gota, na mayar da ita ciki.

Jiya matarka Afiniki ta kawo mini littafin a naɗe cikin ɗankwali, don gobe mutanen jami'a za su zo karɓa. Ta ce, “Baba, kai ka san lamban nan. Ka cika mishi. Rana ya fito ai, kowa ya gani. Kada su ce mijina bai gama aikinshi ba.” Na san in na cika kwanakin nan wataƙila su bar na'urar, su turo wani, ni ma in sami wurin zuwa da safe. Na riƙe alƙalami har yatsuna suka sage.

Na ja zare, Bartholomew. A gefe na rubuta: rana ta fito, babu mai awo.

Ubangiji Allah ya karɓe ka cikin jinƙansa, ya hutar da kai inda ba hadari. Ya ta'azantar da Afiniki, da 'ya'yanka Scholastica da Mildred, da mahaifiyarka, da ikilisiya duka. Ni kuwa, yau ma na ɗaura agogon. Sha biyu saura kwata.

Dogara Zamani
Tsohon ma'aikacin reluwe, Kafanchan