Motar Baba ta ƙi mutuwa a Zuba

Jama'a, kun taɓa ganin motar da aka zare wa makulli amma ta ƙi mutuwa?!

Yau na fito da tsohuwar motar marigayi Baba, mai shan dizal ɗin nan da ke kai mu makaranta a Bwari. Mai saye yana jira na a Zuba. Na yi fakin, na zare makulli. Inji sai rugugi yake! Mai saye ya ja da baya, ya ce, "Oga, wannan akwai aljanu ciki!"

Sai ga wani tsohon makanike, ya ce in buɗe bonet. "Zuƙar iska ce ke kashe irin wannan injin. Bari mu gwada." Ya cire wani siririn tiyo, ya tsotsa. Tsit!

Ya tsaya yana juya bakin tiyon. "Ɗana, mai motar nan ya daɗe yana haka. Ga shatin haƙoransa."

Wallahi sai na tuna! Kullum muka dawo gida, Baba sai ya tura mu ciki, shi kuma ya duƙa a bonet. Mu a zatonmu ruwa yake dubawa!

Na ba mai saye haƙuri. Ga ta nan ƙofar gida, yanzun nan na kashe ta da bakina.